Igiyar da Ba a Gani

A Bambeye, bayan garkar albasar su Arzika,
rijiyar da Baba ya gina ta fara ciwo.
Guga na dawowa da yashi, ruwan ya yi ja.
An ce zobe ɗaya ya tsage a ƙasa.
Wanne? Babu mai shiga ya duba.
Gwiwoyin Baba sun daɗe da ajiye aiki.

Na zo daga Tawa da abu a jaka,
bai fi kwalin ashana biyu ba,
ido ɗaya gare shi, baƙi, ba ya ƙiftawa.
Na ɗaure shi a gindin guga da robar taya,
na liƙa tocila a gefensa,
na danna, na jira,
har shi da wayata suka gane juna.
Waya ce a hannuna, amma babu waya tsakaninsu.

Baba Nomau ya ce, "Igiya guda nake gani.
Ina ta biyun?"
Na ce tana cikin iska.
Ya ce, "Igiyar da ba a gani
ba a rataya mata rai."

Ila ya fara saki, gaba bayan gaba.
Ga zoben farko a tafin hannuna,
ga gidan zanzaro a na uku,
ga ƙadangare ya daskare cikin haske.
Daga nan sama nake ba da umarni da ɗan yatsa:
buɗe ido, ƙara haske, fara ɗauka.
Jan ɗigo ya kama.
Mata sun ajiye bokitai sun yi mini rumfa da kawuna.
Baba bai leƙo ba, ƙirga yake da baki.
"Na tara. Ranar sunanki muka zuba shi, Sahiya."

A gaba goma sha biyu hoton ya fara in'ina.
Ya tsaya.
Wani ɗan zobe ya yi ta juyawa a kan gilashi
kamar jaki a masussuka.
Na miƙa hannu cikin bakin rijiya ina roƙon iska,
Baba ya fizgo ni ta baya.

"Haka take," in ji shi.
"Daga nan zuwa ƙasa ba a jin na sama.
Ja ɗaya, sako. Ja biyu, tsaya.
Ja uku, fito da ni."
Ya karɓi igiyar daga hannun Ila,
ya rufe ido, yana saki a hankali,
yana sauraro da kantar tafinsa.
Can ya ce, "Ya taɓa ruwa."

Ya fito a jiƙe, jan ɗigonsa na nan da rai.
Ashe bai daina kallo ba da muka daina ganinsa.
A inuwar bedi wayar ta sake kama shi,
ya zazzage mana duk abin da ya gano.

Tsagar tana zobe na ashirin da uku,
tsawon kamu ɗaya, yashi na tsiyaya.
Na rubuta a littafi.
Amma ƙasa da ita kaɗan, cikin siminti,
ga sawun hannu, yatsu huɗu da rabi.

Baba ya dubi nasa. Biyar cif.
"Na Maidaji ne," ya ce.
"Ya tafi Abijan da rani, shekara talatin ke nan.
Tsayar mini da shi."

Na tsayar.
Ya ɗora babban yatsa a kan gilashin,
hoton ya motsa, ya wuce, ya faɗa ruwa.
"Mayar."
Na mayar.
Ya sake taɓawa, ya sake wucewa.

Caji saura huɗu cikin ɗari.
Ban faɗa masa ba.
Ila yana can yana naɗe igiya a gwiwar hannu,
wadda ake gani.